Mai Gyaran Sifika a Hanyar Sifawa

Direban da ya taso daga Sakkwato ya nufi Jega, ta Boɗinga da Sifawa da Shagari, ba kasafai yake tafiya shiru ba. Ko karatun Alƙur'ani, ko wa'azi, ko kiɗa, wani abu dai na tashi a cikin motar. Samari sun fi son akwatin nan da ake ajiyewa a but, mai babbar sifika inci 10 ko 12, wadda suke kira wufa. Ita ke yin rugugin da mutum zai ji a ƙirjinsa tun motar ba ta iso ba. Ran da ta fara kakari, tana yi tana ɗaukewa, sai a ce ta ƙone. Sau da yawa kuwa ba ƙonewa ta yi ba. Wata 'yar waya ce ta tsinke, wadda tsawonta bai wuce na ɗan yatsa ba.

Galibin masu wannan gyara daga rediyo da kaset suka faro. Da wayar hannu ta kashe kasuwar kaset, sai suka koma kan amfilifaya da sifika. Jarinsu bai taka kara ya karya ba: tebur a rumfa, mita, ƙarfen narka dalma, reza, gam, da kwali cike da matattun sifikoki waɗanda ba a zubarwa, don a jikinsu ake ciro kayan gyaran wasu. Sababbin kaya daga Sakkwato ake sayowa, su ma can daga Sabon Garin Kano ko kasuwar Alaba ta Legas suke samu.

Tsarin sifika bai canza sosai ba tun 1925, lokacin da Rice da Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka suka bayyana nasu. Akwai maganaɗisu a gindi, akwai koyil, wato siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe, sannan takardar da ke manne da koyil ɗin. Wuta ta shiga koyil, ya motsa, takarda ta tura iska, kunne ya ji sauti. Matsalar ita ce, inda ake jona wayar amfilifaya a jikin ƙarfe yake, ba ya motsi, koyil kuwa ba ya tsayawa. A ƙaramin sauti mai kauri, takardar wufa na iya kai da komowa sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Dole a sami abin da zai haɗa mai tsaye da mai rawa, shi ya sa ake amfani da wayoyi biyu na musamman: siraran zaren jan ƙarfe da aka kitsa a kan zare mai laushi. Duk da haka, abin da ake lanƙwasawa dare da rana wata rana zai gaji. Ga zafin but a watan Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a wannan yanki, gam ya saki. Ga ƙurar hunturu. Ga mai mota da ba ya jin daɗi sai ya ƙure murya.

A nan ake gane gwani. Kafin ya taɓa reza, sai ya ɗauko batir ɗin tocila guda, mai bolt 1.5, ya ɗan goga a bakin wayoyin. In takarda ta yi tsalle ta ce "ɗuf", koyil na da rai. In shiru, sai ya sa mita, ya riƙa motsa 'yar wayar da tsinke yana kallon allura. Da zarar ta yi sama ta faɗo, ya gano inda ciwon yake. Zai kuma danna takardar a hankali da yatsu, ya kasa kunne ko koyil na gogar maganaɗisu, ya sunsuna ko akwai ƙauri. Sai ka ji ya ce wa mai mota, "Alhaji, wagga ba ta ƙone ba, waya ta. Je ka yi salla ka dawo."

In a bakin ƙarfe wayar ta tsinke, aiki ya zo da sauƙi. In a jikin takarda ne, sai an zauna. Zai bi gefen hular da ke tsakiyar sifikar da reza ya ɗage ta, ya kankare tsohon gam har kan wayar koyil ya bayyana, siriri kamar gashi. Ya zura sabuwar waya ta ramin da ke jikin takardar, ya ɗiga dalma, ya ɗauke hannu nan take, domin in ƙarfen ya daɗe takarda za ta ƙone. Akwai kuma wata dabara da yaro mai koyo kan daɗe bai kama ba: sai an riƙe wayar da filaya kusa da inda ake narka dalmar, don kada dalma ta bi cikin kitson ta sandarar da shi. Wayar da ta sandare a nan za ta sake karyewa, ko mako ba za ta yi ba. Daga nan a shafa gam, a mai da hula, a bari ya bushe.

Sai batun tsawon wayar, wanda ba a rubuta shi a ko'ina ba, ido ne da sabo. A gajarta ta, bugun farko mai ƙarfi zai fizge ta. A tsawaita ta, ta riƙa marin takarda ana jin kas-kas. Mai gyara kan tura takardar ciki ya jawo ta waje har iyakarta, ya tabbata wayar na da ɗan lanƙwasa a kowane hali.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai mai yanko wayar wuta ta gida ya liƙa, ta yi kwana biyu ta karye. Akwai wanda ya fi wannan muni, mai ganin tsinkakkiyar waya ya ce koyil ne, don kuɗin naɗa koyil ya ninka. A ganina wannan ba wayo ba ne, a garin da kowa ya san gidan kowa.

Ba 'yan wufa kaɗai ke zuwa ba. Masu tallar magani a mota, 'yan siyasa in zaɓe ya gabato, masu kiɗan biki, da kwamitocin masallatai gab da azumi, duk rumfar suke nufa. A Sifawan nan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, yana karantar da ɗimbin jama'a da muryarsa kawai, har ya koma Sakkwato a 1815. Yau ko ladanin ƙaramin masallacin unguwa, in lasifika ta mutu, sai an tashi yaro ya nemo mai gyara.

Don haka mai mota, in wufarka ta fara kakari, kashe ta, kada ka ƙara murya don ka ji ko za ta washe. Kai ta rumfa, ka tsaya a gwada ta da batir da mita a gabanka kafin a yi maganar kuɗi.