Tarihin mawaƙi: daga bakin wa aka ji?

A Zongo, tsohuwar unguwar fatake da baƙi da ke tsakiyar Yamai, da wuya yini ya wuce ba ka ji muryar Shata ba, ko a shagon tela, ko a teburin mai shayi, ko a wayar wani dattijo da jikansa ya cika masa da waƙoƙi. Inda aka sa Shata kuwa hira na biye, hirar kuma ba ta nisa sai ta koma gardama. Wani ya ce waƙoƙinsa sun haura dubu goma. Wani ya ce zambon nan ya san da wanda ake, don kawunsa na wurin. Saurayi ya miƙo waya ya ce, "Baba, ga shi nan a rubuce." Dattijo ya ce, "Yaro, wa ya rubuta? A gabansa aka yi?"

Kowannensu da gaskiyarsa. Saurayin na son abin da ba zai sauya da sauyawar baki ba, dattijon kuma ya san takarda ba ta ƙin tawada. Abin da ya kamata mai karatu ya sani shi ne yadda ake haɗa tarihin mawaƙi tun farko, domin daga nan saɓanin yake tasowa.

Akwai abubuwan da ba a jayayya a kansu game da Alhaji Mamman Shata. Ya rasu ranar 18 ga Yuni 1999 a asibiti a Kano, aka kai shi Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar, aka rufe shi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Waɗannan sun zauna daram saboda an yi su a bainar jama'a, rediyo ta faɗa, jaridu sun buga a lokacin. Da ka koma ƙuruciyarsa sai ƙasa ta fara laushi. An yarda a Musawa ta ƙasar Katsina aka haife shi, kuma 1923 ce shekarar da aka fi rubutawa. Amma a wancan zamani babu mai rajistar haihuwar ɗan talaka a ƙauye, don haka 1923 ƙiyasi ne na masu bincike, ko da ƙiyasin ya yi kusa da daidai.

Mutanen Nijar sun fi kowa sanin wannan. Dattawa da yawa a Zongo, in ka duba katinsu na ɗan ƙasa, za ka ga an rubuta an haife su wajajen shekara kaza, babu wata, babu rana. Takardar ta samo asali ne daga hukuncin alƙali, wanda ya dubi mutum, ya ji shaidu, ya yanke masa shekara. Da aka zo shigar da sunaye cikin kwamfuta, ita kuma ba ta karɓar gurbi a buɗe, sai aka riƙa cike wa mutane 1 ga Janairu. A Najeriya ma haka ne, mutum kan je kotu ya yi rantsuwar shekaru in zai shiga makaranta, ko aiki, ko neman fasfon Hajji. Saboda haka fasfon mawaƙi shaida ne na abin da ya faɗa wa ma'aikaci ranar da ya nemi fasfon, ba lallai ne ya zama shaidar ranar da aka yanke masa cibi ba.

Iyayenmu da abin da ya faru suke lissafi. Za a ce an haifi wane bayan yunwar Kakalaba, wato ta 1913 zuwa 1914, ko shekarar fara ta 1931 a yammacin Nijar, ko an yaye shi lokacin zuwan Sarauniyar Ingila Najeriya a 1956. Wannan lissafi yana da ƙarfi, sai dai yakan bar ratar shekara biyu ko uku. Ga kuma wani abin da marubuta ke yawan mantawa: tsohon da ke ƙirga shekarunsa da yawan azumin da ya riska, da shekarar wata yake lissafi, wadda ta gaza ta Bature da kwana 11. Shekara 33 ta wata daidai take da kusan 32 ta rana. Wanda ya ce maka shekararsa 66, a kalandar ofis yana iya zama 64.

Ko mai ilimin boko bai tsira ba. Malam Mamman Barka, ɗan Taskar, ya koyar a makaranta kafin ya shahara da gurmi, daga baya ya je bakin tafkin Chadi ya koyi kiɗan biram a hannun Bukar Tar. Ya rasu a Yamai ranar 21 ga Nuwamba 2018, amma shekarar haihuwarsa wasu sun rubuta 1958, wasu 1959. Saɓanin da ke kan Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa Amadu Bawa, ya fi haka faɗi: akwai masu cewa 1875 aka haife shi, akwai masu cewa 1890, rasuwarsa ma ana kai ta 1960, ana kai ta 1963. Kada a ɗauka wannan cutar tamu ce mu kaɗai. Luwis Amstron, shahararren mai busa ƙaho na Amurka, har ya mutu a 1971 yana cewa ranar 4 ga Yuli 1900 aka haife shi, ranar bikin 'yancin ƙasarsu. Sai a shekarun 1980 wani mai bincike ya gano littafin rajistar wata majami'a a Niyu Olins, wanda ya nuna 4 ga Agusta 1901.

To in takarda ba ta wadatar ba, ai sai a tambayi mai abin. Hausawa na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma hirar da aka yi da mawaƙi yana raye dukiya ce da ba ta da madadi. Amma sana'ar mawaƙi ita ce kambamawa. Yakan kambama sarki da attajiri, yakan kambama kansa, Bakandamiyar Shata kuma shaida ce. Kirari ba ƙarya ba ne a wurinsa, kowa ya san salon magana ne. Ɓarnar tana zuwa ne in marubuci ya kwashi kirari ya zuba shi a littafi a matsayin labari. Ban da haka, mutumin da aka yi wa tambaya ɗaya shekara talatin, a gidajen rediyo daban-daban, amsarsa kan goge ta yi santsi, abin da ba ya son tunawa ya zube a hanya.

Sai na kusa da shi. Ɗan amshi da makaɗin kalangu sun ga abin da iyali ba su gani ba: wane gari aka kwana, wa ya ba da doki, wa ya ba da mota, a gidan wa aka fara rera waƙa kaza. Amma wanda aka rabu da shi da faɗa da wanda ya zauna har ƙarshe ba za su ba ka labari iri ɗaya ba. Iyali kuma suna kare mutuncin gida, haƙƙinsu ne, don haka ba a wurinsu za ka ji zancen mawaƙin da ya taɓa waƙar shan giya ba. 'Ya'yan wanda aka wasa su ma suna so a ce ubansu ne ya fara ɗaga mawaƙin. Duk waɗannan shaidu ne na gaske, matuƙar an faɗi sunan kowa da matsayinsa a wurin mawaƙin, don mai karatu ya san ta wace kusurwa yake kallo.

Maganar waƙa dubu goma ta cancanci a tsaya a kanta, don ita ce aka fi maimaitawa. Shata ba ya rubuta waƙa, nan take yake ƙirƙira, kuma waƙa ɗaya in ya rera ta a Funtuwa ya sake rera ta a Kano, amshin ne kaɗai zai zauna, baitoci da sunayen mutane su sauya. Shin wannan waƙa ɗaya ce ko biyu? Wadda ya yi a dandali cikin dare, babu na'urar ɗaukar murya, wa ya ƙirga ta? Wanda ya ce dubu goma yana nufin suna da yawan da ba a iya ƙirgawa, kuma a nan ya yi gaskiya. Adadin da za a iya tsayawa a kai shi ne na waɗanda aka ɗauka a faifai ko kaset, aka jera sunayensu, har wani zai iya zuwa ya saurara. Rage adadin ba ya rage Shata da komai.

Inda abin ya fi ci mini rai shi ne waƙoƙin zambo da habaici, irin su Gagarabadau ta Shata. Mawaƙi ya sakaya suna da gangan, sai bayan shekaru wani ya fito ya ce da wane ake, ba tare da ya faɗi inda ya ji ba. Wanda aka ambata ya rasu, ba zai kare kansa ba, jikokinsa ne za su riƙa jin ana nuna su a makaranta da kasuwa. Haka labaran aljanu da asiri da ake jingina wa kusan kowane babban mawaƙi. Ana iya rubuta cewa mutane sun yi imani da su, don wannan ma tarihi ne, amma a rubuta su a matsayin abin da aka gani da ido zalunci ne ga mamaci.

An yi aiki na ƙwarai a kan Shata, kuma ya kamata a san shi. Ɗandatti Abdulƙadir, wanda daga baya ya shugabanci Jami'ar Bayero, a kansa ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Indiyana a 1975, lokacin Shata na tsakiyar ƙarfinsa. A 2006 Ibrahim Sheme da Yusuf Tijjani Albasu da Aliyu Ibrahim Ƙanƙara da Ali Malami suka fitar da Shata Ikon Allah. Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da dama, Aliyu Muhammad Bunza kuma ya yi littafi guda a kan Narambaɗa a 2009. Darajar irin waɗannan ayyuka ita ce masu su sun taka ƙafa, sun zauna da mutane, sun bar sawun da za a bi. Ana iya saɓa musu, su ma sukan saɓa wa juna, amma saɓani ne da ake iya bincikawa.

Wannan ma'auni ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san ba a karɓar magana sai an tambayi isnadinta: wa ya ji daga wa, sun haɗu kuwa, mai riƙo ne ko mai mantuwa. Zancen mawaƙi bai kai wannan daraja ba, amma tambayoyin suna aiki. Su ne ma maganin babbar matsalar yau, wato kwafe-kwafe. Wani ya rubuta shekara a intanet bisa zato, ɗan jarida mai gaggawa ya ɗauka ya buga, sai a dawo a kafa hujja da jaridar a kan rubutun farko. Ka ga magana a wuri goma, ka ɗauka shaidu goma ne, alhali mutum ɗaya ne aka maimaita. Alamar da ke tona wannan ita ce in jimlolin duka iri ɗaya ne, har da kuskuren rubutun suna.

Waƙar kanta shaida ce, kuma sau da yawa ta fi masu ba da labari riƙo. Waƙar Shata ta Kumbo Apollo 11 ba za ta riga 1969 ba, shekarar da kumbon ya kai mutane duniyar wata. Wadda ta kira Muhammadu Bashar Sarkin Daura ba za ta riga 1966 ba, shekarar da ya hau gadon sarauta. Sarautar da aka ambata, sunan gwamna, irin kuɗin da aka yi kyauta da shi, fam ne ko naira, jaka ce ko dala, duk suna iyakance lokaci. In mai ba ka labari ya ce yana yaro ya ji waƙa kaza, sai ka auna shekarunsa da abin da ke cikin waƙar.

Wani zai ce shekara uku a rayuwar mamaci me za ta ƙara, me za ta rage. Tana taɓa aljihun magada. A dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, kariyar waƙa tana ƙarewa shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mai ita ya rasu, don haka ga Narambaɗa bambancin 1960 da 1963 shi ne bambancin 2030 da 2033. A Nijar ma hukumar haƙƙin mallaka ta BNDA ba za ta iya raba wa kowa haƙƙinsa ba sai an san wa ya ƙirƙiri waƙa, wa ya ara ya rera.

Mawaƙan Nijar su ne abin ji. Ɗan Gurmu na Tawa akwai gasar waƙa da sunansa. Alhaji Taya akwai cibiyar koyar da kiɗa da sunansa a Yamai tun 1989. Sa'adu Bori ya rasu a haɗarin mota a 2008, ƙuruciyarsa da tafiye-tafiyensa suna cikin kawunan abokan aikinsa da ke tsufa. Alhali kayan aikin suna nan cikin gari: taskar Muryar Sahel, gidan rediyon da ya fara aiki tun 1958, da cibiyar bincike ta IRSH, da CELHTO, wadda aka kafa a 1968 musamman don tattara tarihin baka.

Wanda ke da tsohon ɗan amshi a gidansu ko a unguwarsu, wayar hannunsa ta isa. Ya fara da faɗin ranar da ake ɗaukar maganar da wurin, dattijon ya faɗi sunansa da shekarun da ya yi tare da mawaƙin. Duk abin da ya faɗa a tambaye shi cikin ladabi, "Baba, wannan kun gani ne ko an gaya muku?" In an gaya masa ne, a nemi sunan wanda ya gaya masa. Kaset ɗin da ke cikin akwati a ɗauki hoton bangonsa kafin a juya shi zuwa waya, domin rubutun biro da ke jikinsa wani lokaci shi kaɗai ne ke nuna gari da shekara. In dattawa biyu suka saɓa, a ajiye maganar kowanne da sunansa, kada a zaɓi wadda ta fi daɗin ji a jefar da ɗayar.