Kara Ɗaya: Yadda Yara Ke Faɗawa Shan Taba a Minna

A unguwannin Minna, daga Kpakungu zuwa Bosso da Tunga, da wuya a rasa mai tebur da ke sayar da sigari tare da alewa da biskit. A irin waɗannan tebura ne yara da dama ke sayen karansu na farko.

Dokar Taƙaita Shan Taba ta Ƙasa, wadda tsohon Shugaba Goodluck Jonathan ya sanya wa hannu a 2015, ta haramta sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba. Ta kuma haramta sayar da sigari kara-kara, sai dai kwali mai ɗauke da aƙalla kara 20. Amma har yanzu cinikin kara-kara bai tsaya ba.

Wannan ciniki shi ne babbar ƙofar da yara ke bi. Kuɗin tara na makaranta ya isa sayen kara ɗaya, kuma ɓoye shi ga iyaye ba wuya. Wanda ya sayi kara ɗaya ba ya ganin hoton gargaɗin da ƙa'idojin 2019 suka wajabta a buga a jikin kwali.

Sauran dalilan na cikin gida ne da na abokai. Yaron da mahaifi ko yayansa ke aika sayo taba yakan saba da ita tun kafin ya ɗanɗana. A majalisar samari kuwa, tsoron a kira shi ƙaramin yaro ne ke sa shi karɓa. Shisha mai ƙamshin 'ya'yan itace ma na ruɗar matasa, har da 'yan mata, su ɗauka ba taba ba ce.

Sinadarin nikotin na isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, alhali ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama girma sai wajen shekara 25. Shi ya sa wanda ya fara da ƙuruciya ya fi shan wahalar dainawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Matakin farko na hannun iyaye, su daina aiken yara sayo taba. Na biyu na hannun hukumomi, su tabbatar dokar 2015 ta yi aiki har a teburin bakin layi.