Yadda Ake Koyon Gyaran Fatar Ido

Tirmini tana bakin babbar hanya, yamma da birnin Damagaram. A karkarar nan kowa ya san amodari. Ciwon ido ne da ƙuda da hannu mai dauɗa ke yaɗawa. Yana kama yaro, ya tafi, ya dawo. Shekara da shekaru cikin fatar ido yana yin tabo. Tabon ya ja fatar ciki, gashin ido ya dinga gogar ƙwayar ido. Mata ya fi kamawa, domin su ke renon yara. Wata tsohuwa kullum da hantsaki a hannu tana tsige gashin. Gashin kuwa sake tsirowa yake. In aka bar shi, ido ya yi fari, gani ya tafi.

A 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke shawarar kawar da makantar amodari. Likitocin ido ba su da yawa, saboda haka aka koya wa ma'aikatan jinya aikin.

To, yaya ake koyonsa? Da farko mai koyo yana sanin ginin fatar ido. Fata ce a waje, sai nama, sai wani faifai mai tauri kamar guringuntsi. Faifan nan ne ke lanƙwashewa. Ana tsaga shi kamar milimita 3 daga bakin gashi, a juyo bakin waje, a ɗinke. Milimita 3 bai kai tsawon ƙwayar dawa ba. In hannu ya kauce, gashin yana iya komawa ciki.

Shi ya sa aka ƙera kan mutum na roba, ana ce masa HEAD START. Fatar idonsa ana cire ta a sa sabuwa. Mai koyo ya tsaga, ya ɗinke, malaminsa ya ciro fatar ya duba ɗinkin, ya nuna masa kurensa. Roba ba ta jin zafi. Sai hannu ya faɗa, sannan ya taɓa mutum, malami na tsaye kusa da shi.

Aikin ba ya kai rabin awa. Allura ake yi a fatar ido, ba a sa mutum barci. Ran nan zai koma gida. Amma aikin ba ya maido da idon da ya riga ya yi fari.

Manoma da makiyaya, wanda gashi ke sukar idonsa ya je asibiti tun yana gani. A kai tsofaffi mata, kada a ce sai bayan girbi.