Kafa dirkokin shinge

Kafa dirkokin shinge shi ne aikin dasa sandunan da ke ɗauke da shinge ko danga a cikin ƙasa yadda iska, ruwa ko dabbobi ba za su kayar da su ba. Dirka tana iya zama ta itace, ta ƙarfe ko ta kankare. Ƙarfin shingen lambu ya dogara ne a kan gindin dirkokinsa, domin idan guda ɗaya ta karkace sai ta ja na kusa da ita, awaki su sami kafar shiga su cinye shuka.

Zurfi da faɗin rami

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a binne tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa kashi ɗaya cikin uku na tsawon dirka. Shingen da tsayinsa ya kai mita 1.8 yana buƙatar dirka mai mita 2.4, a binne santimita 60 daga cikinta. Idan za a zuba kankare, faɗin ramin yakan ninka kaurin dirkar sau uku. Tazarar da ake bari tsakanin dirka da dirka takan kama daga mita 1.8 zuwa mita 3. Shingen zana ko na kwano yana tare iska gaba ɗaya, don haka ya fi shingen waya buƙatar zurfin rami da kusancin dirkoki. A ƙasashe masu tsananin sanyi kamar Kanada da arewacin Amurka, ana haƙa ramin ya wuce iyakar da ƙasa ke daskarewa, saboda ruwan da ya zama ƙanƙara yana kumbura ya turo dirkar sama.

Dannar ƙasa

Wannan ita ce hanya mafi tsufa kuma mafi araha. Ana haƙa matsattsen rami da dagi, a tsayar da dirka, a riƙa mayar da ƙasa kaɗan-kaɗan ana daddanna ta da sanda mai nauyi kafin a ƙara wata. Tana yin kyau a ƙasa mai tauri, kuma sauya dirkar da ta lalace ba shi da wuya. A ƙasa mai yashi dirkar takan yi sako-sako bayan ruwan sama ya jiƙa wurin.

Tsakuwa

Ana zuba tsakuwa mai kaifin gefe kamar santimita 10 a ƙasan ramin, sannan a cika gefen dirkar da ita ana dannawa. Tsakuwar da aka fasa tana cije juna, saɓanin mai santsi ta bakin rafi wadda ke zamewa. Amfaninta shi ne ruwa yana tsiyayewa daga jikin itacen. Sai dai a ƙasar laka wadda ba ta shan ruwa, ramin yakan zama matattarar ruwa, itacen ya daɗe a jiƙe.

Kankare

Kankare ya fi sauran hanyoyin riƙo. Gwargwadon da aka saba shi ne awo ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. Ana tokare dirkar da katako ta tsaya cak, a bar ta kwana ɗaya zuwa biyu kafin a ɗaura mata shinge, ko da yake kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28. Ana ɗaga saman kankaren ya ɗan fi ƙasa tudu, a zubar da shi ta gefe don kada ruwa ya kwanta a gindin dirkar. Illarsa ga itace ita ce idan itacen ya bushe ya tsuke, sai tsaga ta buɗe tsakaninsa da kankaren, ruwa ya shiga ya kasa fita. Cire dunƙulen kankare idan dirkar ta ruɓe ma aiki ne mai wahala. Saboda tsadar siminti, masu lambu da yawa suna zuba shi ne kawai a dirkokin kusurwa da na ƙofa, waɗanda suka fi ɗaukar nauyi da jan waya.

Tsinin ƙarfe

A Ingila da wasu ƙasashen Turai ana sayar da wani ƙarfe mai tsini, mai tsawon santimita 60 ko 75, da akwati a samansa. Ana buga shi cikin ƙasa da guduma, a zura dirkar a akwatin. Ba a haƙa rami, kuma itacen ba ya taɓa ƙasa. Ya dace da gajeren shinge, amma yakan karkace idan ya ci karo da dutse ko saiwa.

Ruɓewa da gara

Dirkar itace ta fi ruɓewa a daidai inda ta haɗu da doron ƙasa, domin a nan ne danshi da iska suke haɗuwa. A ƙasar Hausa gara ma babbar abokiyar gaba ce, shi ya sa aka fi son itatuwa masu tauri kamar ƙirya da azarar giginya. Wasu suna babbake gindin dirka ko su shafa masa kwalta. Baƙin mai da ake shafawa yana gurɓata ƙasa, bai kuma dace da wurin da ake noman kayan miya ba. Katakon da aka tura wa magani da matsin inji ya fi daɗewa. A Amurka an daina amfani da maganin CCA mai ɗauke da sinadarin asenik a yawancin katakon amfanin gida daga ƙarshen shekarar 2003.

Ɗanyen shinge

Akwai hanyar da ba ta buƙatar siminti ko magani, wato dasa rassan da ke yin saiwa, kamar aguwa, dashi da bini-da-zugu. Idan suka kama, saiwarsu ce ke riƙe su, kuma shingen yana ƙara ƙarfi duk shekara. Manoman arewacin Najeriya da kudancin Nijar sun daɗe suna kewaye gonaki da burtali da aguwa, wadda ke jure fari.