Shin Ko Kun San? Butocin Shayin Ingila Masu Ruwan Azurfa

Shin ko kun san cewa da yawa daga cikin tsofaffin butocin shayi da na kofi na Ingila da ake rububinsu a wajen gwanjo, azurfarsu a fata kawai take? A wajajen 1743 wani maƙerin wuƙaƙe a Sheffield, Thomas Boulsover, ya gano cewa in aka gasa azurfa a kan jan ƙarfe sukan manne, a daddale su tamkar ƙarfe ɗaya. Daga baya masu matsakaicin hali suka samu butar da za su fitar wa baƙi.

Wannan sana'a ta ci kasuwarta kusan shekara 100, sai 'yan gidan Elkington na Birmingham suka yi rajistar dabarar yi wa ƙarfe ruwan azurfa da lantarki a 1840. Sabuwar hanya ta fi araha, ta kashe tsohuwar. Shi ya sa butar Sheffield ta asali ta fi daraja yau.

Abin mamaki, in jan ƙarfe ya fara leƙowa a gefuna da wajen mariƙi, masana ba sa ɗaukarsa aibi. Shaida ce ta tsufa. A huro mata numfashi, sau da yawa sai layin haɗin jikinta ya bayyana, don naɗe farantin aka yi aka like. Wanda ya kai irin wannan buta aka sake mata ruwan azurfa ya karya mata farashi da hannunsa. Yawan goge ta da magani ma cinye azurfar yake yi.

Ku juya gindin buta. In kun ga EPNS, ƙarfen ciki haɗin jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, babu ko ƙwayar azurfa a cikinsa. Hatimin zaki mai tafiya shi ne na azurfa ta gaske, kashi 925 cikin 1,000. Masu ƙera na jabu sun iya jera ƙananan tambura masu kama da shi, kuma har gobe ana cin mutane da su.

Butar shayi gajeriya ce mai tumbi don ganye ya sake, ta kofi kuwa doguwa ce don gari ya kwanta a ƙasa.

A kula da mariƙi. Wasu suna da zobban hauren giwa da ke hana zafi isa hannu, kuma tun watan Yunin 2022 dokar Birtaniya ta hana sayar da irinsu sai an yi musu rajista.