Yadda Cutar Korona Kan Kai Ga Hujewar Hanji

Tun da cutar korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin cikin watan Disamba na 2019, har ta iso Ikko ranar 27 ga Fabrairu 2020, yawancin jama'a sun ɗauke ta ciwon huhu ne kawai, watau tari da zazzaɓi da sarƙewar numfashi. Amma likitocin da suka yi jinyar waɗanda cutar ta tsananta a kansu sun gano cewa ɓarnarta kan sauka har cikin ciki, wani lokaci ma ta kai ga huje hanji. Wannan kuwa ba ya aukuwa da yawa, amma idan ya auku rai na cikin babban haɗari.

Dalilin farko yana ga yadda ƙwayar cutar ke shiga jiki. Tana maƙalewa ne a wata kafa da masana ke kira ACE2, wadda ke da yawa a huhu, ke kuma da yawa ainun a bangon ƙaramin hanji. Shi ya sa wasu majinyata kan fara da gudawa da amai da ciwon ciki da rashin sha'awar abinci, har akan sami alamar ƙwayar a cikin bayan gidansu.

Na biyu, cutar kan sa jini ya daskare a cikin jijiyoyi. Idan gudan jini ya toshe jijiyar da ke ciyar da wani sashen hanji, sai wurin ya mutu, ya ruɓe, daga nan ya ɓule. A watan Mayu na 2020 likitocin babban asibitin Massachusetts da ke Boston a Amurka sun ba da rahoto a kan majinyata 412, inda suka bayyana cewa a cikin waɗanda aka yi wa tiyata an tarar da mataccen hanji, da gudajen jini a ƙananan jijiyoyinsa.

Na uku ya shafi magunguna. A watan Yuni na 2020 binciken Jami'ar Oxford a Ingila ya nuna cewa deksametason na rage mace-mace da kashi ɗaya cikin uku a tsakanin waɗanda ke kan na'urar numfashi. To, amma irin wannan magani kan danne zazzaɓi da zafin ciwo, ta yadda hanji zai huje ba a farga da wuri ba. Haka nan tosilizumab, wanda tun kafin korona an san yana ƙara haɗarin hujewar hanji ga masu ciwon gaɓoɓi. Wannan bai hana likitoci amfani da su ba, sai dai ya wajabta sa ido sosai.

Da zarar hanji ya huje, ƙazantar da ke cikinsa sai ta malale cikin kogon ciki, guba ta shiga jini. Alamun su ne ciwon ciki mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ciki ya kumbura ya ƙandare kamar katako, iska da bayan gida su daina fita, ga amai, ga bugun zuciya da sauri. Hoton ƙirji kan nuna iska ta taru a saman hanta. Maganinsa tiyata ne cikin gaggawa, tare da ƙarin ruwa da allurai masu kashe ƙwayoyin cuta, a ɗinke hujin ko a yanke sashen da ya mutu.

Likitocin Arewa ba baƙi ba ne ga wannan aiki, domin sun daɗe suna fama da hujewar hanji da zazzaɓin taifot ke haddasawa, musamman ga yara. Darasin da suka sani shi ne, jinkiri ke kisa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan korona ranar 5 ga Mayu 2023, amma ƙwayar cutar ba ta gushe ba. Saboda haka duk wanda ya ga waɗannan alamu ga ɗan'uwansa, kada ya ba shi abinci ko jiƙo ko ƙwayar kashe zafi daga kemis. A garzaya da shi asibitin da ake tiyata, a kuma faɗa wa likita duk magungunan da ya sha.