Abin da ya kamata ku sani game da hukuncin kisa a addinin Buddha

Addinin Buddha ya samo asali ne a arewacin Indiya kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Ya shimfiɗa wa mabiyansa ƙa'idoji biyar, ta farko kuwa ita ce kada mutum ya ɗauki ran kowane abu mai numfashi. Tambayar ita ce: abin da aka hana talaka, ya halatta ga hukuma?

Malamansu da dama sun ce bai halatta ba. A koyarwarsu, duk aikin da aka yi da niyya yana da sakamakon da zai bi mai shi, wanda suke kira karma. Saboda haka alƙalin da ya yanke hukuncin da haunin da ya zartar, kowa ya ɗauki nasa kaso.

Hujjarsu ta biyu ita ce mutum yana iya sauyawa. Littattafansu sun kawo labarin Angulimala, ɗan fashin da ke kashe matafiya yana yanke yatsunsu yana ratayawa a wuya. Da ya haɗu da Buddha, wanda ya kafa addinin, sai ya tuba, ya aske kai, ya shiga sahun masu gudun duniya. Sarki Pasenadi na Kosala, wanda ya fito da dakaru don kama shi, ya tarar da shi a haka, ya ƙyale shi. Amma bai sha a banza ba: da ya shiga gari neman sadakar abinci, an jefe shi har jini ya zuba, Buddha ya ce masa ya jure. Da an kashe shi tun farko, da ba a ga tubarsa ba.

Wani nassin ya ba da labarin sarkin da ya yi watsi da matalauta har sata ta yawaita. Da ya fara sare kan ɓarayi, sai su ma suka ƙera takubba suna kashe waɗanda suka yi wa sata. Darasin shi ne, in ba a magance yunwa ba, takobi ba ya kawo zaman lafiya.

A aikace kuwa, kan masu mulki bai haɗu ba. Sarki Ashoka na Indiya, duk da kishinsa ga addinin, bai soke hukuncin ba, sai dai ya ba waɗanda za a kashe jinkirin kwana uku. A ƙasashen da mabiya addinin ke da rinjaye kuwa, Kambodiya ta soke shi a 1989, Bhutan a 2004. Sri Lanka ba ta zartar da shi ba tun 1976, ko da yake yana nan a doka. Thailand ta zartar a 2018, sojojin Myanmar kuma sun kashe fursunoni huɗu a 2022.

Ke nan koyarwar ta fi karkata ga barin mai laifi da ransa, a tsare shi, a nemi gyaruwarsa. Inda aka ga ana kisa a waɗannan ƙasashe, hukuncin gwamnati ne, ba umarnin Buddha ba.